Ni Na Rubuta Kuɗin Maganin

Shekara 22 ke nan ina riƙe da shagon kemis a wata unguwa da ke wajen ganuwa a Kano. Ba zan faɗi sunan unguwar ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba, domin yaran da maganar ta shafa suna nan da ransu, kuma abin da aka yi musu ya isa. A layinmu "Dakta" ake kira na, alhali iyakar karatuna sakandare ce, sai shekara 5 da na yi ina yaron shago wurin maigidana a Sabon Gari. Amma duk wanda ya san zaman unguwa ya san kafin a tafi asibiti kemis ake fara zuwa. Abin da ake ɓoyewa a cikin gidaje, mu muke fara ganinsa.

Wani dare a daminar 2016, bayan sallar isha'i, an ɗauke wuta, ina haɗa kwalaye zan rufe, sai ga wata mata 'yar haya a gidan ƙarshen layi ta riƙo hannun 'yarta mai shekara 9. Yarinyar tana tafiya da ƙyar, ta cusa bakin hijabinta cikin baki tana taunawa. Uwar ta ce, "Dakta, faɗuwa ta yi a kan icce, ka taimaka mana da maganin tsayar da jini." Na haska fitilar waya. Yaron da ya faɗi a kan icce kuka yake yi yana nuna maka wurin. Wannan ko tari ba ta yi. Na buɗe robar alewa na miƙa mata guda, yadda nake yi wa kowane yaro da aka kawo ba lafiya, sai ta ja da baya ta ɓuya a bayan uwarta, jikinta na ɓari. Daga baya na ji ashe da alewa aka ja ta.

Da na matsa da tambaya uwar ta durƙusa a bakin kanta ta fashe da kuka. Ta faɗi sunan mutumin. Mai tireda ne a layinmu, magidanci da mata da 'ya'ya, kafaɗata da tasa suna haɗuwa a sahu kusan kullum. Wansa Alhaji ne mai abin hannu, shi ya saya wa masallacinmu janareta. Ta ce, "Dakta, don girman Allah ka rufa mana asiri, yadda Allah ya rufa maka."

Na ba ta Panadol da kafso. Na ce a dafa ruwa a sa gishiri a riƙa zaunar da yarinyar a ciki. Ni da bakina na ce a yi mata wanka tas, a wanke kayan da ke jikinta.

Kwana biyu tsakani aka kira ni zauren mai unguwa. Mu takwas ne, duk maza. Uwar yarinyar ba ta shigo ba, tana tsaye daga bayan ƙyaure. Uban ɗan dako ne a kasuwa, ya zauna can kusa da takalma. Mai laifin ya sunkuyar da kai ya ce sharrin Shaiɗan ne, ya tuba. Sai aka shiga jera maganganun da duk Bahaushe ya haddace: abin da ya faru ya riga ya faru, a bar kaza cikin gashinta, in maganar nan ta fita wa zai auri yarinyar, in aka je wurin hukuma kuɗi kawai za a ci a bar ku da kunya. Can mai unguwa, Allah ya jiƙansa, ya juyo ya ce, "Dakta, kai ka san kan magani. Nawa za a kashe?" Na yago marfin wani kwalin magani da ke aljihuna, na yi lissafi, na rubuta naira 15,000. Alhaji ya ƙirgo, ya ɗora 5,000 ya ce na sabulu. Aka shafa fatiha. Uban bai ƙirga ba, ya dunƙule kuɗin ya cusa a aljihu, ya fita ba tare da ya kalli kowa ba. Bayan wata uku suka kwashe kayansu da daddare suka bar unguwar. Shi kuwa mai tireda ya tafi ƙauye wata biyu, ya dawo ya buɗe shagonsa.

Wallahi a daren sulhun nan na kwanta ina jin na yi aikin lada. Na kashe wuta, na hana tonon silili, na samar wa talaka kuɗin magani. Da na ba matata labari sai ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta ce, "Ai duk matan layin nan sun san shi. Shekara nawa muna hana yara zuwa shagonsa?" Na ce to me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba. Ta ce, "Na gaya maka, Malam. Ka ce gulmar mata ce."

Wadda ta fi ba ni amsa mai zafi ita ce yayata. Sai na koma baya kaɗan kafin a gane abin da ta faɗa.

Ni ne auta a ɗakinmu, ita ce babba. Ta auri wani mutum mai saurin hannu. Sau uku tana yin yaji, sau ukun kuma ba a ma jira ya zo biko ba. Da an idar da magariba Baba zai ce, "Auta, ɗauko babur ka mayar da yayarka ɗakinta." Inna za ta rako ta soro tana cewa aure ɗan haƙuri ne, harshe da haƙori ma ana saɓawa. A karo na uku gefen fuskarta a kumbure yake, ido ɗaya ya kusa rufewa. Muna cikin tafiya, wajen Ƙofar Na'isa, ta taɓa kafaɗata ta ce in tsaya. Na tsaya. Ta ce, "Auta, ka kai ni gidan Gwaggo." Na ce, "Yaya, Baba cewa ya yi in kai ki ɗakinki. Ki yi haƙuri." Ta daɗe tana kallona. Sannan ta gyara goyon 'yarta ta hau, ba ta ƙara magana ba har ƙofar gidan. Ba a yi wata biyu ba ya yi mata marin da ya fasa mata dodon kunnen hagu. Har yau ba ta ji da shi.

Gwaggo ce, tsohuwa mai sayar da koko, ta kama hannunta ta kai ta gaban alƙali. A nan na fara jin cewa a mazhabar Malikiyya da muke bi, in cutarwa ta tabbata alƙali yana da ikon raba auren, kuma matar ba ta mayar da ko kwabo na sadaki. Mu maza huɗu ne a gidan, har da wanda ya yi karatun zaure mai zurfi, amma babu wanda ya taɓa gaya mata wannan. Haƙuri kaɗai muka koya mata.

To ita na je na ba labarin sulhun, ina jiran ta sa mini albarka. Ta juyo da kunnenta na dama ta saurara har na gama. Sai ta ce, "Auta, ashe har yanzu babur ɗin nan yana hannunka." Na tashi na tafi da fushi. Na fi wata ban taka gidanta ba.

A 2018 ƙanwar matata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta zo mana kwana biyu, hira ta kawo mu kan fyaɗe. Ita ta fara gaya mini maganar awa 72. Ta ce in aka yi wa mutum fyaɗe akwai maganin da ke kare shi daga kamuwa da cuta mai karya garkuwar jiki, ana shan sa kwana 28, amma dole a fara cikin kwana uku, in an wuce shi ke nan an makara. Akwai rigakafin ciwon hanta, akwai maganin cututtukan sanyi, wadda ta balaga kuma akwai ƙwayar hana ɗaukar ciki da ke aiki cikin kwana 5. Ta ce kada a yi wanka kafin likita ya duba, kada a wanke kaya, a naɗe su a takarda, ban da leda, domin shaidar da kotu za ta nema a jikinsu take. Ta gaya mini akwai cibiyar Waraka a cikin asibitin Murtala da ke wannan aikin kyauta. Tana magana ina lissafi a zuci. Kwana ukun yarinyar nan, na farko ta yi shi a cikin ruwan gishirina, na uku kuma muna zaure muna shafa fatiha. Abin da aka bari na shaida ni na sa aka wanke. Ban iya cin tuwon daren nan ba.

Duk da haka ban yi komai ba, gara in faɗi gaskiya. Na daina sayen kaya a tiredarsa, na hana 'ya'yana bi ta wurin, na ɗauka na sauke nauyi. 'Ya'yana na tsare, na bar na mutane.

A watan Fabrairun 2019 wasu 'yan mata 'yan Arewa suka fara ba da labarin abin da aka yi musu a Twitter, abin da aka kira ArewaMeToo, har 'yan sanda suka kama ɗaya daga cikin masu fafutukar, Maryam Awaisu, a Kaduna. A majalisarmu ta teburin mai shayi cewa aka yi 'yan boko ne marasa kunya, Turawa suka ba su kwangilar ɓata sunan Arewa. Ina zaune, na san abin da na sani, na kurɓi shayina. Sai 2020 ta zo da korona da dokar kulle, labaran fyaɗe suka cika rediyo. Ɗalibar jami'a Uwaila Omozuwa da aka far wa a cikin coci a birnin Benin har ta rasu. Yarinya mai shekara 12 a Dutse da aka kama maza 11 a kanta. Mutumin Kwanar Dangora da 'yan sanda suka ce ana zarginsa da mata 40. A watan Yuni gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe, a Satumba kuma Kaduna ta sa hannu a dokar dandaƙa. Ka ji majalisarmu a lokacin! Wannan ya ce a rataye su, wancan ya ce a harbe su a filin Idi. Uku daga cikin masu ɗaga muryar muna tare da su a zauren mai unguwa, ni ne na huɗu. Neman a kashe baƙon da ka ji a rediyo ba ya cin ko sisi. Na tireda kuwa, mai nisan taku hamsin daga teburin, babu mai iya kama sunansa.

Ana cikin wannan, an ɗan sassauta kulle, wata ranar Talata bayan la'asar, wani mai wankin hula da ke haya a bayan layinmu ya shigo shagona ɗauke da 'yarsa a kafaɗa. Shekararta 7. Mai tireda ne dai. Uban ya sauke murya ya ce, "Dakta, an ce kai ka shiga maganar waccan yarinyar aka kashe ta ba wanda ya ji. Ka taimake ni yadda ka taimake su."

Ashe sunan da na yi a unguwa ke nan.

Na ce masa, "Malam, ban taimake su ba. Cutar su na yi, kuma da na yi abin da ya dace a lokacin da 'yarka ba ta kafaɗarka yanzu." Na tambaye shi ko an yi mata wanka, ya ce a'a. Na aika aka kira matata, ta karɓi yarinyar ta rungume. Aka kira uwar ta zo da wasu kayan, waɗanda aka cire muka naɗe a tsohuwar jarida. Na ja ƙofar shago na sa kwaɗo da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba sai ranar rasuwar Baba. Wani maƙwabcinmu mai adaidaita sahu ya kwashe mu zuwa Murtala. Mata ne suka karɓi yarinyar da uwarta suka shiga da su ciki, ni da uban muka zauna a benci. Bai ce uffan ba sai juya hularsa yake a hannu. Da aka fito an duba ta, an fara ba ta magani, an rubuta rahoto, ya tambaye ni nawa ne. Na ce ba ko kwabo. Sai a lokacin ya yi kuka.

Daga nan muka kai ƙara. A ofishin da muka fara zuwa sai da aka nemi kuɗin mai da kuɗin fayil, na biya daga cinikin shago. Wata lauya 'yar ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA ce ta shiga maganar, ta riƙa bibiya, shi ya sa fayil ɗin bai kwanta ba. Aka kama shi a daren.

Washegari motar Alhaji ta tsaya a ƙofar shagona. Ya ce, "Dakta, me muka yi maka? Ɗa na kowa ne. Kai ma kana da ƙanne." Ya ce a wannan karon in faɗi ko nawa ne, ba sai na rubuta ba. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, na rufe wannan littafin." Aka koma kan mai wankin hula, aka kai masa naira 200,000 har ɗaki, kuɗin da bai taɓa riƙewa ba. Mai gidan da yake haya ya ba shi wa'adin tashi. Ni kuma ciniki ya faɗi warwas, masu bashi suka daina biya, aka koma wani kemis a bakin titi. Na yi sallama a masallaci an amsa a ciki-ciki. Aka ce ni ma an ba ni kwangila, ana biyana da dala. Surukina ya kira ni ya ce in tuna ina da 'ya'ya mata, kada in jawo musu baƙin jini. Akwai daren da na zauna a bakin gado na ce wa matata anya ba za mu janye ba. Ta ce, "In ka janye, ka shirya ganin ta uku a kafaɗar ubanta."

Wanda ya fi yi mini nauyi shi ne Liman, dattijon da ya koya mini alwala. Ya tsayar da ni bayan asuba, mutane sun watse, ya ce, "Ba ka san wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi ba?" Gwiwata a ƙasa na ce, "Allah gafarta Malam, mun suturta a 2016, kana wurin. Abin da suturar ta haifa shekararta 7." Na ce kuma a bakinsa na ji hadisin da Manzon Allah (SAW) ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ke zalunci ko shi ake zalunta, da aka tambaya yaya ake taimakon azzalumi ya ce a riƙe hannunsa daga zaluncin. Na ce, "Malam, mu wanne muka yi wa mai tireda?" Bai amsa ba. Ya ja carbinsa, ya ce in tafi.

Bayan mako guda, an idar da magariba, ya ce kowa ya zauna. Ya karanto aya ta 135 a Suratun Nisa'i, inda Allah ya ce mu tsayu da adalci, mu yi shaida saboda Shi ko da a kan kanmu ne ko iyaye da dangi. Ya ce sutura ana yi wa wanda ya yi zunubi tsakaninsa da Ubangijinsa ne, wanda kuwa cutarwarsa ke bin 'ya'yan mutane, rufa masa asiri taya shi ne. Ya ce yarinyar da aka yi wa fyaɗe ba ta da laifi ko na ƙwayar zarra, kunyar ta wanda ya aikata ce da waɗanda suka ɓoye. Sai ya ce, "Ni ma ina cikin waɗanda suka ɓoye, ina neman gafarar Allah." Tsoho mai shekara sama da 70, a gaban almajiransa. Masallacin ya yi tsit. Alhaji ya tashi ya fita, daga baya ya aiko aka ɗauke janaretansa. Muka koma sallah da fitila mai caji.

Shari'a kuwa ba ta da sauri. An fara kai shi kotun majistare aka tsare, aka jira shawarar ma'aikatar shari'a wata da watanni, sannan aka mayar da maganar babbar kotu. Yau a ɗage, gobe a ce ba a kawo shi daga gidan yari ba, jibi lauya ya yi tafiya. A nan na gane inda talaka yake faɗuwa: duk ranar zaman kotu mai wankin hula ya rasa cinikin yini, ga kuɗin mota, ga gida ba cefane. Yawancin masu janye ƙara ba yafewa suka yi ba, gajiya suka yi. Mai shayinmu ne ya kawo dabara. Ya huda gwangwanin madara ya ajiye kusa da kwanon sukari, mai naira 100 ya jefa, mai 200 ya jefa. Mai adaidaita ya ce ranar kotu motarsa tamu ce. Wani tela ya ba su ɗaki a gidansa. Muka yi wa kanmu doka cewa uban nan ba zai taɓa shiga harabar kotu shi kaɗai ba, ko da mutum biyu sai sun raka shi. Wata rana Liman da kansa ya dogara sanda ya zo ya zauna a bencin baya.

Ranar da na ba da shaida lauyan da ke kare shi ya tambaye ni ko ni likita ne, na ce a'a. Ya ce to gaba ce tsakanina da wanda ake ƙara. Na ce babu gaba, hasali ma na taɓa taimakonsa ya tsira, na faɗi abin da ya faru a zaure da abin da na rubuta a marfin kwali. Kusan shekara uku da fara maganar aka yanke masa ɗaurin shekara 14.

Ba a yi murna ba. Matarsa da 'ya'yansa huɗu ba su yi wa kowa komai ba, ga shi an bar su da abin faɗa, don haka gwangwanin mai shayi bai tsaya ba, wani kaso gidansu yake zuwa ta hannun matata. Yarinyar tana makaranta, amma har yau in namiji ya ɗaga murya kusa da ita sai ta ƙanƙame uwarta. Uwar kuma ta sha habaici a gidajen biki, wai ta sayar da mutuncin 'yarta a kotu.

Akwai karin maganar da muke yawan ji, wai ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Mata suna faɗinta don su riƙe juna. Mu maza kuwa mun karɓe ta a matsayin takardar sallama, tunda nasu ne ba ruwanmu. Alhali wanda ya jawo ciwon namiji ne, zauren da ake binne maganar na maza ne, mai unguwa da liman da alƙali da ɗan sanda kusan duk maza ne. Matan layinmu sun san mai tireda shekaru kafin mu, sun yi iya abin da za su iya, wato jan 'ya'yansu gefe. Abin da suka rasa shi ne namiji guda da zai yarda da maganarsu ya maimaita ta a inda ba a barinsu su shiga. Shi ya sa ba na son a ce mun ceci wani. A makare muka zo, kuma mata muka tarar a wurin.

Yanzu mu bakwai ne, ba mu da suna ba mu da rajista. Mun sa mai wani kango ya toshe ƙofarsa da bulo, mun ja waya mun sa ƙwai a lungun da yara ke bi zuwa Islamiyya. Mun roƙi masu shaguna su daina shigar da 'yan talla ciki, a tsaya a bakin ƙofa a yi ciniki. Ni ba na son talla, kuma na san haɗarinta, amma na daina yarda a ce "me ya kai ta?" a gabana, domin yarinya ta biyu ba talla take ba, aiken ashana aka yi mata. Ba kuma mata kaɗai ba ne. An kawo mini almajiri ɗan shekara 10 da wani babba ya lalata, shi ba shi da uwar da za ta riƙo hannunsa, ɗan'uwansa almajiri ne ya rako shi. Shi ma Murtala muka kai shi.

Maganar dukan mata ta fi wuya, don ko cikinmu bakwai ba a gama yarda ba. Da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya faɗa a bainar jama'a cewa yana gaya wa 'ya'yansa mata in miji ya mare su su rama, sai da aka kwana uku ana musu a teburin shayi. Ni abin da na ce shi ne, Nana A'isha ta shaida cewa Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba, wanda ke neman sunna ga ta nan. Abin da muke yi, in aka ji duka a wani gida, mutum biyu su je su ƙwanƙwasa ƙofa su yi ta sallama har sai maigidan ya fito, a ja shi gefe. Ba a zaginsa, amma ya san an ji, kuma gobe ma za a ji. Mun taɓa yin kuskure: mun yi wa wani faɗa a gaban mutane, ya koma ya huce a kan matar, ya ce ita ta kai ƙararsa. Tun daga nan ba ma taka ko'ina sai matanmu sun fara jin ta bakin matar, me take so, ina take son a kai ta. In ta ce gidan gwaggonta, gidan gwaggonta za a kai ta.

Iyayen yarinya ta farko na neme su. Na bi 'yan dako a kasuwa har aka haɗa ni da wanda ya san uban, ya ce sun koma garinsu. Na ba da saƙo da lambar wayata sau biyu. Ba a kira ba, kuma ba su da laifi in ba su kira ba. Yanzu ta kai shekara 18. Ina sa ta a addu'a da sunanta.

Yaya kuwa na je na durƙusa a gabanta bayan an yanke hukunci, na ce ta yafe mini Ƙofar Na'isa. Ta ce ta yafe tun tuni, amma ta ji daɗi da na san akwai abin yafewa. 'Yar da ta goya a kan babur ɗin nan a gidana ta girma, bana aka ɗaura mata aure, dangin ubanta suka ba ni walicci. Kafin a shafa fatiha na ce ina da magana, a gaban Liman da waliyyin ango da duk wanda ke zaune. Na ce wa angon, "Ga amana mun ba ka. In ta yi maka laifi ka zo ka gaya mini, ni kawunta ne. In zaman ya ƙi, ka sallame ta da mutunci yadda ka ɗauke ta. Amma ranar da ka ɗaga mata hannu, ni zan zo in ɗauke ta, kuma babu mai mayar maka da ita." Wasu dattawa suka yi gyaran murya, wani ya ce ba a faɗin haka ranar farin ciki. Liman ya ce a bar shi, sharaɗi ne mai kyau, a shafa.

Da na shiga cikin gida mata sun riga sun ji, ana ta maganar. Yaya tana zaune a bakin gado cikin hayaniyar 'yan biki, ta ga ana nuna ni ba ta san dalili ba. Ta jawo hannun rigata ta ce, "Auta, me ka ce musu?" Na zagaya ta damanta na zauna, na sunkuya daidai kunnenta, na maimaita mata tun daga farko.